IN ZA KA GINA RAMIN MUGUNTA, GINA SHI GAJERE

Yau zan ɗauko wata magana wadda yawancinmu ba mu son a tayar da ita ko a zaure, balle a shafin jarida. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwa da ke Agege da Idi-Araba da Obalende, da na Sabon Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe, sa'an nan wanda ya ga na kauce hanya ya ɗauki alƙalami ya rubuto mana, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Maganar kuwa ita ce, shekaru da dama ke nan ana ta tsuke filin da talakan Nijeriya yake iya faɗin albarkacin bakinsa, ya yi taro, ya kafa ƙungiya. Kuma duk sa'ad da masu mulki za su ƙara tsuke wannan fili, sukan fara ne da waɗanda suka tabbata ba mai tsaya musu, watau ƙungiyoyin da ke maganar lafiyar mata wajen ciki da haihuwa da tazarar haihuwa, da kuma masu kare mutanen da ake tuhuma da luwaɗi ko maɗigo. Mu kuwa sai mu yi tafi, mu ce Allah ya ƙara. A ra'ayina wannan tafi namu kuskure ne babba, kuma mu baƙi mazauna Kudu mu ya kamata mu riga kowa gane haka.

Tun da fari bari in kawar da wata ƙura. Ni ba malami ba ne, kuma hukuncin addini a kan luwaɗi da maɗigo da zina ba ɓoyayye ba ne ga Musulmi ko Kirista. Wannan fage na malamai ne, na bar musu. Tambayata ta sha'anin mulki ce. Shin mutumin da ake zargi yana da ikon ya ga likita, ya sami lauya, a kuma saurare shi a gaban alƙali kafin a hukunta shi? Kana wanda ya taimaka masa ya sami waɗannan abubuwa, shin shi ma ya zama mai laifi ke nan?

A watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya. Jama'a sun yi murna Kudu da Arewa, amma kaɗan ne suka karanta abin da ke cikinta. Shi aikin kansa ai tun kafin wannan doka haramtacce ne a ƙasar nan. Dokokin manyan laifuffuka na Kudu da na Arewa duka sun tanadi ɗaurin shekara 14 a kansa, ga kuma dokokin Shari'a da jihohi 12 suka kafa daga shekarar 2000. To mene ne sabo da dokar 2014 ta kawo? Ban da shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, ta yanka ɗaurin shekara 10 ga duk wanda ya kafa ko ya shiga ƙungiyar irin waɗannan mutane, da kuma duk wanda ya goyi bayan ƙungiyarsu ko taronsu. Nan gizo ke saƙar. Kalmar goyon baya faffaɗa ce kamar babbar riga. Ma'aikacin lafiya da ya tara mutane don gwajin ƙanjamau, da mai gidan da ya ba da hayar ɗakin taro, duk ɗan sandan da ya ga dama yana iya cusa su cikinta, ko da daga baya kotu za ta sallame su.

Ba a daɗe ba aka fara ganin sakamako. A watan Fabrairu na shekarar, a unguwar Gishiri da ke Abuja, wasu gungun matasa suka bi gida gida da dare suna fito da mutane suna duka, ba ɗan sanda ya aiko su, ba alƙali ya yanke hukunci. A cikin 2015 kuma mujallar likitoci ta The Lancet HIV ta buga wani bincike da aka yi a wani asibiti a Abuja a kan maza masu neman maza. Kafin dokar, kashi 25 cikin 100 ne suka ce sun taɓa jin tsoron zuwa neman magani. Bayan dokar sai adadin ya haura zuwa kashi 38 cikin 100. Wani zai ce can ta matse musu. To amma ɗan'uwa ka tuna, da yawa daga cikin irin waɗannan maza suna da mata na aure a gida, kuma ƙwayar cuta ba ta karanta dokar Majalisa. Mutumin da tsoro ya hana shi gwaji da shan magani, matarsa baiwar Allah ita za ta kwashi cutar, kana jaririn da ke cikinta ya biyo baya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da wannan cuta a Nijeriya. Duk dokar da ta kori majinyaci daga asibiti, gari duka ta cuta.

Mu dawo nan Ikko. A watan Agusta na 2018 'yan sanda suka kai sumame wani otal a Egbeda, suka kama mutum 57, suka jera su a gaban 'yan jarida da masu ɗaukar hoto, ƙasa duka ta ga fuskokinsu. Su dai sun ce bikin ranar haihuwa suka je, har akwai direban da ya ce shi fasinja kawai ya kai. Aka gurfanar da 47 daga cikinsu a Babbar Kotun Tarayya. Aka yi ta ɗaga shari'a saboda masu ƙara sun kasa kawo shaidu, har a watan Oktoba na 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa ya kori ƙarar. Amma kafin nan wasunsu sun rasa aiki, wasu an kore su daga gidajen haya, wasu danginsu sun guje su. Ni da aikina shi ne tace labarai kafin a buga, na san yadda abin yake: ranar kame hoto yana shafin farko, ranar sallama kuwa da ƙyar a sami layi uku a can ciki. Kai mai acaɓa ko mai tasi da ke karanta wannan, wa ya ba ka tabbacin inda fasinjanka na gobe zai ce ka sauke shi?

Addinin da muke taƙama da shi ma bai yarda da irin wannan ba. Musulunci ya hana bin diddigin asirin mutane, ya tsananta sharuɗɗan shaida, ya kuma yanka bulala 80 ga mai ƙazafi. Duk wanda ya zauna Sabon Badun ko Agege ya san 'yan daudu masu sayar da abinci tun zamanin iyayenmu. Dattawa ba su taɓa yaba halinsu ba, ana yi musu wa'azi, ana tsangwamarsu, amma jama'a na cin tuwonsu, in kuma rigima ta taso a je gaban Sarkin Hausawa a kashe ta. Yau kuwa tafiyar mutum ko muryarsa kaɗai ta isa a tara masa jama'a, a ɗauki hotonsa a watsa duniya.

Yanzu mu juya wajen mata, inda ɓarnar ta fi yawa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa. Watau fiye da mace 200 kowace rana ta Allah, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan irin wannan mutuwa a duniya. Kowa ya sani abin ya fi tsanani a Arewa, inda muka baro iyayenmu da matanmu da ƙannenmu. Wanda ya taɓa leƙa asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. A ƙasar da ke cikin wannan hali, ai kamata ya yi duk mai maganar awon ciki da tazarar haihuwa da illar aurar da yarinya tun ƙugunta bai yi ƙwari ba, a shimfiɗa masa tabarma. Maimakon haka me muke gani?

A watan Mayu na 2019 'yan sanda suka faɗa wani asibitin ƙungiyar Marie Stopes a Ikko, inda mata ke zuwa neman maganin tazarar haihuwa, suka tsare likita na ɗan lokaci, suka kwashe takardun sirri na majinyata. A tsakiyar 2022 kuma Gwamnatin Jihar Legas ta fito da wani littafin jagora ga likitoci a kan yadda za su yi idan ciki ya zama zai kashe uwa. Dokar ƙasa tun da can ta yarda a cire ciki domin ceton ran uwa, malaman fiƙihu da yawa ma sun halatta hakan in lalura ta kai. Jagorar ba ta ƙara kome a kan doka ba, bayani kawai ta yi wa likita don kada tsoron ɗauri ya sa ya tsaya kallon mace tana zubar da jini. Amma da aka yi ca a kanta, cikin 'yan kwanaki Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da ita a watan Yuli. Mai kuɗi ba ruwansa, matarsa tana da asibitin kuɗi, in ta kama ma a haura da ita ƙasar waje. Matar mai gadi da matar ɗan dako su ne za su kwana a benci suna jiran likitan da ke jin tsoron taɓa su.

To, igiyar da aka murɗa domin wuyan waɗannan mutane ba ta tsaya a kansu ba. A 2016 aka kawo wa Majalisar Wakilai ƙudurin kafa hukumar da za ta riƙa sa ido a kan kowace ƙungiya mai zaman kanta, ta ba ta lasisi ko ta hana. A 2019 aka kawo wa Majalisar Dattijai ƙudurin takura wa masu rubutu a intanet, da wani na kalaman ƙiyayya wanda har ya tanadi hukuncin rataya. Waɗannan ba su zama doka ba domin jama'a sun yi tsaye. Amma a watan Agusta na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda sashe na 839 nata ya ba Hukumar Rajistar Kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiya ta naɗa nata masu riƙo. Nan take shugabannin coci suka yi kuka, domin sun gane cewa coci da masallaci da ƙungiyar ci gaban gari duk a ƙarƙashin wannan rajista suke, sai da aka dangana da kotu. A watan Nuwamba na shekarar Babban Banki ya samo umurnin kotu ya rufe asusun ajiya 20 na waɗanda ake dangantawa da zanga-zangar neman rushe rundunar SARS. Daga Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022 aka rufe Twitter baki ɗaya, abin da Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka. Kana a ranar 1 ga Nuwamba 2024 duniya ta ga yara ƙanana 'yan Arewa, waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, suna faɗuwa don galabaita a gaban kotu a Abuja, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Su wa suka ɗaga murya har aka ba da umurnin sakinsu? Lauyoyi da 'yan jarida da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, irin waɗanda jiya muke jin daɗi in an taka su.

Mu kuwa mazauna Kudu, wa zai koya mana ciwon kamen kan mai uwa da wabi? A watan Yuni na 2014, wata biyar kacal bayan mun gama tafi, sojoji suka tare ayarin motoci a Jihar Abiya suka tsare 'yan Arewa 486 da ke kan hanyar Fatakwal neman abinci, bisa zargin Boko Haram. A watan Agusta na 2019 aka tsare 'yan Jigawa 123 da baburansu a Ikko, aka bincika ba a same su da laifi ba. A watan Maris na 2025 a Uromi ta Jihar Edo aka tare mafarauta da ke komawa Kano yin Salla, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu ba tare da ko tambaya a gaban hukuma ba. Abin da ya faru a Gishiri da abin da ya faru a Uromi uwarsu ɗaya: a dubi kamannin mutum a yanke masa hukunci, jama'a su zama su ne ɗan sanda, su ne alƙali, su ne hauni. Ba zai yiwu mu halatta wannan ɗabi'a ranar Litinin a kan wanda muke ƙi, sa'an nan mu yi kuka ranar Talata in ta faɗo kanmu ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ko da mai gemun ba ka ɗauke shi ɗan'uwa ba, wutar dai ita ce.

Tarihinmu ma ya ishe mu darasi. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU, wadda yau ake sa wa asibitoci da ɗakunan kwanan ɗalibai sunanta, a zamaninta an ɗaure ta har sau 16, an yi mata duka, an kore ta daga Kano, an kira ta da kowane irin mugun suna, saboda ta ce a daina aurar da ƙananan yara, a sa mata a makaranta, a ba su ƙuri'a. Matan Arewa ba su sami wannan ƙuri'a ba sai a 1976. Da an yi nasarar toshe bakinta da na ire-irenta, da iyayenmu mata sun daɗe suna kallon akwatin zaɓe daga nesa.

Na san abin da wasu za su ce: waɗannan ƙungiyoyi 'yan koren Turawa ne, da kuɗin waje suke aiki don su lalata mana tarbiyya. Gaskiya ne yawancinsu da kuɗin waje suke tafiya, kuma ba laifi ba ne a nemi kowace ƙungiya ta bayyana inda take samun kuɗi da yadda take kashe su. Amma a tuna da Safiya Husaini ta Tungar Tudu, wadda aka yanke wa hukuncin jefewa a 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta wanke ta a watan Maris na 2002. A tuna da Amina Lawal, wadda kotun Bakori ta yanke wa irin wannan hukunci a 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta a watan Satumba na 2003. Ƙungiyoyin mata na gida irin su WRAPA da BAOBAB su suka tsaya aka samo lauyoyi, kuma da hujjojin fiƙihun Malikiyya aka yi nasara, ciki har da maganar kwantaccen ciki da ikon mai iƙirari ya janye iƙirarinsa. Har ma a 2003 shugabannin BAOBAB sun rubuta wa masu surutu daga ƙasashen waje cewa su daina aiko da takardun koke masu cike da kurakurai, domin suna ɓata shari'ar. Alƙalan Musulunci ne suka tabbatar cewa kotunan farko sun yi kuskure. Da a lokacin akwai dokar da ta ce tsaya wa wadda ake zargi da zina goyon bayan zina ne, da wa zai ɗaukaka ƙarar?

Game da kuɗin waje kuwa, ai mun ga ƙarshensa. A watan Janairu na 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take bayarwa, ta kuma maido da ƙa'idar nan da ke hana tallafi ga duk ƙungiyar waje da ke ko da ba da shawara a kan cire ciki. Ga takura daga gida, ga ta daga waje. Laifin wa? A 2001 a nan Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Wanda ya ƙi ciyar da iyalinsa, ba shi da bakin zagin maƙwabcin da ya miƙo musu tuwo.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Na ɗaya, wakilan jam'iyyarmu a Majalisun Tarayya da na jihohi su ƙi duk wani ƙuduri da zai ba wani ma'aikaci ikon rufe ƙungiya ba tare da hukuncin kotu ba, domin sashe na 39 da na 40 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba kowane ɗan ƙasa 'yancin magana da na taro. Na biyu, a sake duba wancan sashe na dokar 2014 mai maganar goyon baya, a fayyace ƙarara cewa ba da magani da gwajin cuta da aikin lauya ba laifi ba ne ga kowa. Na uku, 'yan sanda su bar ɗabi'ar jera waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida, ko ɓarayi ake ce da su, ko 'yan ta'adda, ko wani abu dabam, tun da sashe na 36 ya ce mutum ba shi da laifi sai kotu ta same shi da shi. Na huɗu, a bar likitoci su yi aikin da doka ta riga ta halatta na ceton ran uwa. Na biyar kuma namu ne: Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu acaɓa su ja kunnen matasanmu, duk inda aka taru ana dukan wani a kan zargi, kowane irin zargi ne, kada hannun ɗan Arewa ya shiga, a miƙa shi ga hukuma.

Ba na neman kowa ya sauya abin da ya yi imani da shi. Ka yi wa'azinka, ka tarbiyyantar da 'ya'yanka yadda addininka ya koya maka, wannan ma 'yanci ne da Tsarin Mulkin nan ya ba ka, kuma ranar da aka gama rushe shi ba za a bar maka naka kason ba. Masu mulki suna zuwa suna wucewa, amma dokar danniya takan zauna ta jira wanda zai gaje ta, kuma ba ka san hannun da za ta faɗa gobe ba. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Allah ya kare mu daga zalunci, ya kuma kare mu daga zaluntar wani. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya mai da kowane baƙo gidansu lafiya. Amin.